Tukunyar Ikiring a Shagon Asekenye

Duk wanda ya zauna a garinmu kafin a kawo dokar lasisi ya san gidan Ikiring, ko yana sha ko ba ya sha. In ka sauka a tasha ka miƙe Layin Auduga, tun kafin ka kai tsohon injin gurza ƙamshin gasasshiyar tamba zai tare ka, sai ka bi hancinka kawai. Gidan ƙasa ne mai ɗaki uku, da wani mangwaro a tsakar gida wanda ya girmi mai gidan. A ƙarƙashinsa ta yi shekara talatin da ɗaya tana girke tukunyar ajon, giyarmu ta tamba. Maza su kewaye tukunya, kowa ya tsoma dogon karansa mai rami yana zuƙa, ita kuma tana zagayawa da butar ruwan zafi tana ƙarawa in ya ja baya.

Ba 'yar gari ba ce. A ƙauye aka haife ta, wajen kakarta ta koyi sana'ar. Shekarar da ɓarayi suka share garken mijinta, ita da shi suka tattaro komatsansu suka dawo gari, shi ya samu aikin ɗaukar buhu a injin auduga, ita ta sayi tukunya ɗaya. Injin ya mutu, mijin ya bi shi bayan shekara biyu, tukunya ce ta rage. Da ita ta aurar da 'ya'ya mata biyu, ta kai namijin har kwalejin horon malamai.

Gajeriya ce, kakkaura, mai muryar da ake ji daga layi na uku. Na san ta sarai kuma ina ƙaunarta, amma gaskiya ɗaya ce: Ikiring ba ta iya ganin alheri a hannun wani. In maƙwabciya ta ɗinka sabon zane, sai ta ce launin ya tsofar da ita. In kazar wani ta ƙyanƙyashe goma, sai ta ce shirwa na nan tafe. Ba muguwa ba ce, in kana ciwo ita ce farkon zuwa da kunu. Lafiyarka ce ba ta cika so ba.

A wajen ajon kuwa ba ta da wanda za ta yi wa hassada, shi ya sa ta zauna lafiya shekara da shekaru. Gidaje goma sha ɗaya ke sayarwa tsakanin tasha da kasuwa, kuma duk hanyar ɗaya ce. A kwaɓa garin tamba, a binne shi a rami cikin ganyen ayaba har ya yi tsami, a tono a gasa a kan faffaɗan ƙarfe ana juyawa da muciya, a shanya, sannan a jiƙa a zuba garin tsiro a bar shi ya tashi. Kowace mace ta san wannan. Abin da ba su sani ba shi ne lokacin da ake janye wuta daga gashin, da yawan tsiron da ake zubawa. Ikiring da hanci take gane na farko, na biyun da tafin hannu, kuma ba ta taɓa yin ko ɗaya a gaban mutum ba.

Ko a gaban Asekenye ba ta yi ba, wadda ta yi mata aiki shekara tara. Asekenye bazawara ce, doguwa, mai sanyin magana, ta zo gidan da 'ya'ya uku ba ta da abin yi. Ita ke jido ruwa, ita ke haƙa rami, ita ke tsayawa kan wuta tana juya gari har idonta ya yi ja. Toto take kiran Ikiring, kamar uwar da ta haife ta. Amma da zarar gashi ya kusa kaiwa, sai Ikiring ta tuna ana buƙatar gishiri daga kasuwa, ko akuya ta kwance. Asekenye ta gane, amma takan ajiye muciya ta tafi.

Manyan masu shan gidan su ne 'Yan Asabar, dattawa goma sha biyu, tsofaffin malamai da ma'aikatan jirgin ƙasa da wani mai gyaran keke. Shugabansu Papa Egadu, tsohon shugaban makarantar firamare, yana riƙe da zaman kamar aji: ba a kama kara da hagu, ba a hura iska cikin tukunya, ba a tsallake karan wani. Sun binne mutum biyar daga cikinsu sun ɗauki sababbi biyar, duk a inuwar mangwaron nan. Ikiring na yi musu tsawa kamar 'ya'yanta, su kuma suna yaba hannunta a ko'ina, har a gidan biki in an kawo ta wani. Wannan yabon shi ne dukiyarta, ba ta da wata.

Sai hukumar gari ta kawo doka. Daga tasha zuwa kasuwa, in ji takardar da aka manna a jikin sandunan lantarki, ba mai sayar da abin sha sai da lasisi. Ba a ba da lasisi sai ga ginin siminti mai ƙofa da banɗaki biyu, wanda ba a kwana a cikinsa. Ba a buɗewa sai ƙarfe biyu na rana. Ajon kuma dole mai sunan da ke kan takarda ce za ta dafa shi da hannunta, a wurin da aka duba aka amince. An kira taro a ɗakin hukuma, Ikiring ba ta je ba. Ta ce ta ga dokar hana akuya yawo, ta ga ta hana talla a tasha, ga akuyoyi nan ga 'yan talla nan. Ta ƙara da cewa giyar da aka sha a ƙarƙashin rufin kwano zufa ce kawai.

Wannan dokar ba ta mutu ba. Wata Asabar da la'asar motar hukuma ta tsaya a ƙofar gida, aka kwashe tukwane uku, aka ɗora dattawan a baya har ofis. Ba a daki kowa ba, kafin magariba an sake su. Amma Papa Egadu, wanda rabin ma'aikatan ofishin ɗalibansa ne, ya ratsa tsakiyar gari a zaune a bayan akori-kura yana riƙe da hularsa, kuma matarsa ta ji labari kafin ya isa gida. Daga ranar bai sake taka gidan Ikiring ba. Ya aiko a ba ta haƙuri, ya ce girma ya kama shi.

Cikin wata uku Layin Auduga ya zama kamar an yi mutuwa. Mata shida suka koma bayan layin dogo inda doka ba ta kai ba, huɗu suka kama sayar da gawayi da tumatir. Mai gasa kaji ya ɗauke murhunsa, masu gyaɗa suka watse, 'yan acaɓa suka sauya matsaya. Wurare uku kacal suka samu takarda, duk a babban titi, kuma hayar shago a can ta tashi har teloli biyu suka bar wa masu giya wuri. Biyu daga cikin ukun na kwalba ne. Na ukun, na ajon, na Asekenye ne. Yayanta na da wani shago da yake ajiye siminti, ya share mata, ya haƙa banɗaki biyu a baya. Ta zo har gida ta durƙusa ta gaya wa Ikiring, ta roƙe ta su haɗu su yi tare. Ikiring ta tambaye ta sunan wa ke kan takardar, da ta ji amsa ta ce Allah ya ba da sa'a, ta shige ɗaki.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ban taɓa jin Ikiring ta zagi hukuma ba, ko mutanen da suka kwashe mata tukwane. Duk zafin zuciyarta a kan Asekenye ya sauka. Kasuwa na gabas da gidanta, shagon na yamma, amma kullum sai hanyar kasuwarta ta bi ta gabansa. Ta san kujerun roba shuɗɗa ne. Ta san an sa talabijin saboda ƙwallo. Ta ga takardar lasisi a cikin gilashi an rataye ta saitin ƙofa, yadda mai wucewa zai hanga. Abin da ya fi ci mata rai shi ne allon da ke sama, wanda aka zana tukunya da karare a jiki aka rubuta sunan Asekenye da jan fenti. Ita da ta shekara talatin da ɗaya ba a taɓa rubuta sunanta ko a jikin bango ba. Takan dawo gida ta kasa cin tuwo, ta zauna gindin mangwaro tana lissafa wa kaji irin alherin da ta yi wa matar nan.

Abu ɗaya ke sanyaya mata rai. Giyar Asekenye ba ta da daɗi. Wani mako ta yi tsami kamar an matsa tsamiya, wani mako ta yi salam kamar ruwan wankin gero. Duk wanda ya kawo wa Ikiring wannan labari sai ta ba shi kujera, ta sa ya maimaita. Amma ko wannan daɗin bai daɗe ba, don 'Yan Asabar suna tsaki suna sha, kuma Asabar ta gaba su koma. Mutumin da ya taɓa hawa bayan motar hukuma ya fi son tsami da kwanciyar hankali.

Ana haka ƙungiyar ta cika shekara ashirin da biyar, suka sa ranar biki, suka sayi akuya, suka gayyaci mutane. Saura mako uku sai ga Asekenye da hantsi, ta zo da kaza a hammata. Ta durƙusa nesa kaɗan, suka gaisa gaisuwar da ba ta da gishiri.

"Toto, tukunyata za ta kunyata ni," in ji ta. "Na yi duk yadda na ga kina yi, abin ya ƙi."

"Ai ke ce mai takarda. Ki jiƙa ta ki zuba a ciki mana."

"Na cancanci wannan. Amma dattawan nan naki ne, ba nawa ba. Kada su sha kunya gaban baƙinsu."

Abin da take so shi ne Ikiring ta dafa a gidanta, a kai shagon cikin jarkoki kamar ruwa. Sai dai kada kowa ya sani. In maganar ta fita, za a yage takardar a rufe shagon, abincin 'ya'yanta ya ƙare, ita ma Ikiring sai ta tsaya gaban alƙali tunda an taɓa kama ta. Ikiring ta bar ta a durƙushe har ƙafarta ta yi sanyi, sannan ta ce ta ajiye kazar ta tafi.

Ba tausayi ne ya sa ta yarda ba, kada a yi mata shaidar zur. Lissafi ta yi. Ta yi alkawari ba za ta buɗe baki ba, to, ba ta buƙatar buɗewa. Harshen da ya shekara ashirin da biyar yana shan hannunta ba zai ɓata ba. Zuƙa ɗaya Papa Egadu zai yi ya ɗago kai ya nemi inda take, sauran su bi shi da ido, kowa ya gane ya yi shiru saboda doka. Asekenye ta riƙe allonta da gilashinta, amma duk mai baki a ɗakin ya san tukunyar wa ake sha. Wannan kallon kaɗai take so, kuma ta kwana tana ganinsa.

Ba ta taɓa yin aiki irin na wannan karo ba. Ta hau mota har ƙauyensu ta zaɓo tamba da kanta, ta ƙi ta kasuwa. Ta sa aka haƙa sabon rami. Ranar gashi ta tsaya kan wuta ita kaɗai da shekarunta sittin da huɗu, tana juyawa har kafaɗunta suka ƙage, ta janye itacen daidai lokacin da ƙamshin ya juya. Da ta zo zuba tsiro ta rufe ƙofar gida, ko da yake ba kowa sai kaji. Kwana uku tana kasa kunne jikin duro tana jin yadda yake tashi. Safiyar Asabar aka tura jarkoki huɗu a baro, an rufe da buhun gawayi.

Ta yi wanka ta ɗaura zanen zuwa coci, ta isa shagon wajen ƙarfe uku a matsayin baƙuwa. Wannan ne karon farko da ta shiga. Ɗakin ya cika, zafi kamar tanda, ƙamshin naman akuya na shigowa daga baya. Dattawan suka tashi suka gaishe ta da murna da 'yar kunya, aka ba ta kujera shuɗiya kusa da bango. A hannun daman Papa Egadu ga Oluka, jami'in da ke duba lasisi, an gayyace shi don a zauna lafiya, ya cire takalmi yana fifita da hula.

Aka shigo da babbar tukunya aka girke a tsakiya, aka zuba ruwan zafi, ƙamshi ya tashi. Ikiring ta ga hancin mai gyaran keke ya motsa. Maza suka zaro karare suna gyara 'yar matatar da ke bakin kowanne, amma ba wanda ya tsoma, suna jira.

A nan ta gane abin da ta manta. A wajenmu ba a shan tukunya sai wadda ta dafa ta durƙusa ta fara zuƙa a gaban kowa, don a san babu cuta a ciki. Kuma mace ba ta fara sa baki a tukunyar da ba hannunta ba, don in wani abu ya samu masu sha, a wuyanta yake. Yaro ma ya san wannan. Ikiring ta yi shi sau dubbai, har ya zama mata kamar numfashi, shi ya sa ko kaɗan bai faɗo mata a lissafi ba. Jikinta ma sai da ya motsa daga kujera, ta dafa gwiwa za ta tashi.

Asekenye ce ta durƙusa. Ba ta dubi kowa ba, ta karɓi kara da hannu biyu, ta tsoma, ta zuƙa, ta haɗiye. Daga wannan lokacin ba sauran tambaya a ɗakin. Wadda ta fara sha ita ta dafa, haka kakanninmu suka bar mana.

Karare goma sha biyu suka shiga tukunya. Papa Egadu ya zuƙa, ya lumshe ido, ya sake zuƙa, sannan ya ɗago kai. Ikiring ta gyara zama. Idonsa ya wuce ta kanta ya sauka kan Asekenye.

"'Yata, ashe ɓoye mana kike yi," in ji shi. "Wata shida kina horar da mu da ruwan tsami, kin ajiye wannan sai ranar biki."

Aka yi dariya, aka shiga yabo ta ko'ina. Wani ya ce tun yana saurayi bai sha irinta ba. Mai gyaran keke ya ce rufin kwano ne ke riƙe ƙamshi, a gindin bishiya iska ke kwashe rabi. Oluka ya ce ga amfanin tsari nan, in aka dafa abu a wuri mai tsabta dole a ji bambanci. Sai Papa Egadu ya miƙe ya yi jawabi irin na rufe makaranta. Ya gode wa Ikiring da ta riƙe su shekara da shekaru. Ya ce a matsayinsa na malami ya san babu farin cikin da ya kai ka ga ɗalibinka ya wuce ka, kuma yau Ikiring ta ga wannan rana da idonta. Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ikiring na zaune kafaɗunta na mata zogi, ƙunar wuta na nan a bayan hannunta, tana jin ana kwashe mata abu ɗaya da ya rage ana miƙa wa matar da take aike sayen gishiri. Hassada ta taso mata, irin wadda ba ta taɓa ji ba, kuma abin takaici a kan giyar da ta dafa da hannunta. Kalma huɗu za su isa: ni ce na dafa. Ta dubi Oluka, ta dubi takardar da ke cikin gilashi, ta dubi Asekenye wadda ke tsaye da buta.

"Matso, uwar gida," in ji Papa Egadu, ya goge bakin karansa ya miƙa wa Ikiring, girmamawar da ba ya yi wa kowa. "Ɗanɗana ki gaya mana gaskiya."

Ta karɓa da hannun dama ta zuƙa. Zaƙin ya fara zuwa, ɗan tsamin ya biyo baya, ɗumin ya sauka ƙirji a hankali. A shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa dafa kamarta ba, ta sani. In ta yaba, ta yabi Asekenye a gaban duniya. In ta faɗi gaskiya, ta rufe shagon. Ta cire karan daga baki ta goge leɓe.

"An ɗan ƙona garin," ta ce. "Tsiron ma ya yi yawa."

Ɗakin ya fashe da dariya, har Oluka na buga cinya. Mai gyaran keke ya ce hassada ga mai rabo taki ce, wani ya ce ai da ta yaba da sun san ba ta da lafiya. Papa Egadu ya karɓi karansa yana share hawayen dariya, ya ce a ƙyale ta, tsufa ba ya gyara hali. Aka kawo nama, aka koma kan tukunya, ba wanda ya sake bi ta kanta.

Ba ta jira rabon nama ba. Ta fito rana na nan da sauranta, babban titi cike da 'yan acaɓa da masu gyaɗar da a da suke ƙofar gidanta. Ta kai bakin kwata sai ta ji taku a bayanta. Asekenye ce, har yanzu butar na hannunta.

"Toto, ki yafe mini. Ban san yadda zan yi ba, suna jira."

Ikiring ba ta juyo ba.

"Sun ce daga yau irin wannan suke so," in ji Asekenye, muryarta ƙasa-ƙasa. "In na koma ba su tawa, za su gane. Asabar mai zuwa, ko jarka huɗu?"

Ikiring ta daɗe a tsaye. Daga cikin shagon ana jiyo muryar Papa Egadu ya ɗauko waƙa, sauran suna amsawa, suna saka sunan Asekenye a ciki.

"Biyar," in ji Ikiring. "Ba ki ga yadda suke sha ba?"

Ta gyara zanenta ta tsallaka titi, ta nufi kasuwa kafin masu tamba su tashi.